Aikin Gayya da Gidan Talaka

 Yau maganar gida za mu yi, gidan zama na kai, wanda magidanci zai kwanta a cikinsa ba tare da yana ƙirga watannin da suka rage kuɗin haya ya ƙare ba. Sai dai ku yi mini uzuri, za mu ɗan zaga ta nesa kafin mu dawo unguwa.

A farkon watan Satumba na shekarar 1984, wata motar safa ta taso daga jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, ta nufi birnin New York ɗauke da 'yan aikin sa kai. Cikin fasinjojin har da Jimmy Carter, mutumin da bai cika shekara huɗu da sauka daga kujerar shugabancin ƙasar ba. Abin da ya kai su wani tsohon bene ne mai hawa shida a unguwar talakawa, wanda ya daɗe da zama kango, shara ta cika shi. Mako guda suka yi, shi da matarsa Rosalynn da sauran abokan tafiya, suna kwana a wani coci, gari na wayewa su ɗauki guduma da zarto. Da aka kammala gyaran benen daga baya, iyalai 19 ne suka samu matsuguni a ciki. Daga nan abin ya zame wa Carter jiki, kusan kowace shekara sai ya ware mako guda na gini, har tsawon shekara 35. Ayyukan da aka yi da sunansa sun shafi gidaje sama da 4,000 a ƙasashe 14. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki a goshi, amma washegari aka gan shi a wurin gini a birnin Nashville, ido a kumbure, yana haɗa katako. Ya rasu a ƙarshen Disamban 2024 yana da shekara 100.

Wannan hoto na tsohon shugaba da guduma shi ne abin da duniya ta fi sani game da ƙungiyar Habitat for Humanity, kuma ya jawo mata gudummawa ba kaɗan ba. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin ba ya fitowa a hoto, wato littafin asusun da ke bayan gudumar. In muna son ganinsa sai mun koma wata gona.

A 1942, wani malamin addinin Kirista mai suna Clarence Jordan, wanda kuma ya karanci aikin gona, ya haɗu da wasu abokansa suka kafa gona kusa da garin Americus a jihar ta Jojiya, suka sa mata suna Koinonia. Niyyarsu baƙar fata da farar fata su yi noma tare, su ci abinci a wuri guda, a biya su lada iri ɗaya. A kudancin Amurka na wancan zamani wannan tsokanar faɗa ce. A shekarun 1950 aka ƙaurace wa kayan gonarsu, aka sa wa rumfarsu ta bakin titi bam, ana yi musu harbi cikin dare. Ba su tashi ba. Maƙwabtansu kuwa akasari manoma ne da ke noma gonar wani a raba amfani, suna zaune a bukkokin katako masu yoyo, babu famfo, babu makewayi na kirki, kuma babu bankin da zai kalle su balle ya ba su rance.

Nan Millard Fuller ya shigo. Lauya ne kuma ɗan kasuwa daga jihar Alabama, wanda ya mallaki dala miliyan kafin ya cika shekara 30, amma neman kuɗin ya kusa kashe masa aure. Shi da matarsa Linda suka yanke shawarar rabar da dukiyar, suka koma gonar Jordan da zama. A 1968 Fuller da Jordan suka zauna suka tsara abin da ya zama tushen komai. Ra'ayin Jordan shi ne talaka ya fi buƙatar jari da abokin aiki a kan sadaka. Saboda haka suka yanka fuloti 42 daga gonar, kowanne rabin eka, suka buɗe asusu wanda masu hali za su zuba kyauta ko rance. A gina gida da kuɗin asusun, 'yan sa kai da masu gidan su yi aikin da hannunsu, sannan a sayar wa iyalin a kan abin da aka kashe, ba riba, ba kuɗin ruwa, su biya kaɗan-kaɗan cikin shekara 20. Duk abin da suka biya ya koma asusu a gina wa na gaba. Hujjarsu ta hana ruwa daga Attaura suka ɗauko ta, inda aka hana karɓar ƙari a kan bashin da aka ba matalauci. Mai sauraro Musulmi zai ji wannan bai zame masa baƙo ba, don shi ne abin da malamanmu ke kira ƙardan hasanan.

Jordan ya rasu a watan Oktoban 1969, bai ga an tare a gidan farko ba. A 1973 Fuller da iyalinsa suka tafi Mbandaka, a bakin kogin Kwango, a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, suka shekara uku suna gwada tsarin. Ku lura da wannan: a Afirka aka tabbatar abin zai yi aiki a wajen gonar da aka haife shi. Da suka koma gida a 1976 suka kafa Habitat, wadda ta kai ga yin aiki a ƙasashe sama da 70. Shi kansa Fuller ya rabu da ita a 2005 bayan taƙaddama da hukumar gudanarwarta, ya kafa wata cibiyar mai ɗauke da sunansa, ya rasu a 2009. Reshen wannan cibiya ya iso har Najeriya, ya gina ƙananan gidaje a Luvu, kusa da Masaka a jihar Nasarawa.

Yadda ake zaɓen mai gida ma abin dubawa ne. Ana duba buƙatarsa, ana duba ko zai iya biyan kason wata-wata, ana kuma duba ko zai yarda ya yi aiki. Ba a tambayar addininsa. Kafin a miƙa masa makulli sai shi da iyalinsa sun yi aikin sa'o'i ɗaruruwa, a gidansu da kuma gidajen wasu, suna ɗaukar katako, suna shafa fenti, suna zama ajin koyon tattalin kuɗi da gyaran gida. Guminsu shi ne kafin alƙalami. Wanda ya shiga gida ta wannan hanya babu mai yi masa gori, kuma in famfo ya ɓalle ya san inda bututun ya bi, don yana wurin aka binne shi.

To jama'a, na san wani dattijo yana can gefen rediyo yana murmushi, yana cewa, malam, ai duk wannan dogon zance aikin gayya ne. Gaskiyarka baba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ake yi. Kaka ta wuce, an gama sussuka, rani ya kama. Wane zai yi wa ɗansa aure, ana buƙatar ɗaki. Tun makon jiya an mulmula tubali an shanya, an haƙo ƙasa daga kududdufi, an jiƙa ta, an zuba mata yankakkiyar ciyawa an bar ta ta tsima. Ranar gayya samari su naɗe wando zuwa gwiwa su faɗa kwaɓa da ƙafa. Wasu na cura ƙasar suna cilla wa magini da ke zaune a kan katanga, shi kuma ya cafe, ya maƙa, ya shafe da tafin hannu, bai ko duba ƙasa ba ya sake miƙa hannu. Mata sun dama fura, tukunyar tuwo na kan wuta, in mai gayyar mai hali ne har da makaɗi. Idan ɗakin na ciyawa ne, a ɗaure jinka a ƙasa, a baibaye ta, sannan a yi kira maza su kewaye ta su ɗaga lokaci guda, tun da dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babu wanda ya rubuta sunan kowa, amma kowa ya san wanda ya zo da wanda ya noƙe, kuma ranar tasa gayyar za a tuna masa.

Me ya sa wannan al'ada ba ta biyo mu birni ba? Wasu za su ce zumunci ne ya yi ƙaranci. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, don har gobe in gobara ta tashi a unguwa ko katanga ta faɗa wa wani, za ka ga matasa sun fito da bokiti da shebur ba tare da an roƙe su ba. Abin da ya canza shi ne lissafin ginin kansa. A ƙauye fili na gado ne ko dagaci ya yanka maka, ƙasa kyauta ce, azara daga giginyar gona take. Hannu kawai ake nema, gayya kuwa hannu take kawowa. A birni abin ya juye. Hannu ya yi yawa, leburori na zaune a bakin titi tun asuba da cebur suna jiran mai ɗauka. Abin da ya gagara shi ne fuloti, da siminti, da rodi, da kwano. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwannin Najeriya. Ko samarin unguwa duka sun fito, ba za su kwaɓa maka buhu ɗaya da ƙafa ba.

Sakamakon yana nan a bayan gari, a Kano ko Kaduna, a Maraɗi ko Damagaram. Kangaye ne jere, an kai linta an tsaya. Ciyawa ta fito a inda aka yi niyyar falo, awaki na fakewa a ɗakin uwargida, bulon sama ya fara zaizayewa saboda damina biyar ta dake shi. Mai shi yana cikin gari yana biyan haya. Bana ya sayi bulo ɗari biyu, baɗi in an samu sarari a sayi rodi, kafin ya tara kuɗin kwano farashin ya ninka. Wannan bawan Allah ba malalaci ba ne, ba kuma mabaraci ba. Kuɗinsa ne ke zuwa a tsintsinke, gini kuwa a dunƙule yake son kuɗi. Wannan giɓi shi asusun Jordan ya cike: a ba ka gidan yau, ka biya a hankali da kuɗin da dā kake miƙa wa mai gidan haya.

Kada dai na yi wa Habitat kirarin da ya wuce ta. Tsarinta ba ya kai wa ga wanda ba shi da abin biya sam, don dole sai mai ɗan abin shiga. Wasu rassanta a Amurka yanzu suna haɗa masu saye da bankuna, wato an ɗan sassauta tsohon sharaɗin nan na ba ruwa. An kuma daɗe ana sukar al'adar kwaso baƙi daga ƙasashen masu kuɗi su zo su jera bulo na mako guda, alhali kuɗin jirginsu kaɗai zai biya birkilolin garin na watanni. Babbar maganar ita ce yawan buƙata. A ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairun 2024, mutum sama da 770,000 ne ba su da wurin kwana na kansu a dare guda. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a sa'a tun 2009, haya kuwa ba ta jira shi ba. A birane da yawa dokar tsara gari ta hana a gina fiye da gidan iyali ɗaya a fuloti, abin da ke sa fili tsada. Babu yawan 'yan sa kan da zai warware wannan da guduma. Ƙungiyar da kanta ta gane haka, shi ya sa a 2019 ta ƙaddamar da gangami na shekara biyar, inda mutanen da suka saba zuwa wurin gini ranar Asabar suka fara zuwa majalisun birane da na jihohi, suna neman a gyara dokokin fili, da na rance, da na haya.

Inda aka fi haɗa hannu da baki wuri guda, a ganina, shi ne Yurugwai, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka. A 1968 majalisarsu ta yi dokar gidaje da ta amince da ƙungiyoyin gama kai na gini. Ma'aikatan masaƙa, ko na tashar jirgin ruwa, ko malaman makaranta, su haɗu su yi rajista. Gwamnati ta ba su rancen kashi 85 cikin 100 na kuɗin aikin, su kuma su biya kashi 15 da aikin hannunsu, kowane iyali sa'a 21 a mako. Ku riƙe wannan adadi, don ya nuna mana gwargwadon abin da gumi ke iya ɗauka a ginin zamani: kashi 15. Sauran kuɗi ne da fili. Wata dabara tasu da ta burge ni ita ce ba a sanin gidan wane ake ginawa sai an gama duka, sannan a yi ƙuri'a. Kowa sai ya yi aikin tsakani da Allah, don bangon da ya yi wa ha'inci wataƙila shi zai kwana a bayansa. Gidajen kuma mallakar ƙungiya ne, iyali na da haƙƙin zama har ya gadar wa 'ya'yansa, amma ba zai sayar wa dillali ba.

A 1970 waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu a tarayya ɗaya mai suna FUCVAM. Da sojoji suka karɓe mulki daga 1973, sun so su wargaza ta. A ƙarshen mulkin nasu suka kawo dokar da za ta raba gidajen, kowa ya riƙe nasa da bashinsa shi kaɗai, don mutum ɗaya ya fi sauƙin murƙushewa. A watan Fabrairun 1984 'yan ƙungiyar suka bi gida-gida, suka tara sa hannun mutum sama da 300,000 na ƙin amincewa, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan uku ba. Sojojin suka sauka a 1985, ƙungiyoyin suna nan har yau. Mutanen da suka koyi shirya jadawalin kwaɓa siminti su ne suka iya shirya wancan gangami.

Yanzu mu dawo gida. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa, sai dai yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili ko a sauya masa mai shi a hukumance sai da amincewarsa. Talaka da ya sayi awon igiya a hannun mai gona, da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, a wurinsa ya mallaki fili. A wurin banki bai mallaki komai ba, sai ya kawo takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wadda nemanta kan ci kuɗi da watanni, wani lokaci shekaru. Ranar da aka zo fitar da titi kuwa, jan fenti kawai zai tarar a bangonsa.

Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa domin sa, bankin lamunin gidaje na tarayya ke riƙe da shi. A ƙa'ida mai zubi zai iya karɓar rance a kan ruwan kashi 6, ya biya har cikin shekara 30. Wannan sauƙi ne babba in aka tuna cewa a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5. Amma sharaɗin takardar mallaka ya tsayar da mutane da yawa a bakin ƙofa, wasu kuma ruwan ne ya hana su ko da kaɗan ne, saboda addini. Mai shayi da ɗan acaba da mai sayar da ƙosai kuwa ba su da takardar albashin da za a duba. Ku tambayi malamin firamare da ke kusa da ku shekara nawa ana cire masa wannan kuɗi, ku kuma tambaye shi ko ya taɓa zuwa ya ga lissafinsa. Gwamnati ta taɓa yin gini da kanta, ga Shagari Kwatas nan a garuruwa da dama tun zamanin jamhuriya ta biyu, amma wannan ɗigo ne, kuma an san su wa suka fi samu.

Saboda haka ɗan sa kan da ginin birni ke nema a yau ya sha bamban da na kududdufi. Lauya ake so wanda zai ba da yammacin Asabar ya duba wa mutanen unguwa takardun filayensu. Mai awon ƙasa ake so da zai auna unguwa guda a farashi ɗaya, a kai takardun ma'aikatar filaye a dunƙule, maimakon kowa ya je shi kaɗai a yi ta ce masa ya dawo gobe. Akanta ake so mai ritaya da zai riƙe littafi. Injiniya ake so da zai gaya wa mutane gaskiya cewa buhun siminti ɗaya ba ya yin bulo sittin mai ƙarko. Waɗannan mutane muna da su, muna sallah sahu ɗaya da su, ba a dai taɓa kiran su gayya ba. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni sun iya yashe kwata da gyaran maƙabarta, Allah ya saka musu, to ga wani aikin.

Batun asusu kuma yana da tarko, gara na faɗe shi. Bashi ba ruwa na shekara 20 ya yi aiki a Jojiya saboda dala ba ta narkewa da sauri. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, kamar yadda aka gani a Najeriya a ƙarshen 2024, in ka ba da rancen gina ɗaki biyu, abin da zai dawo maka bayan shekara goma ba zai sayi ƙofa ba. Asusun ya mutu, na bayan layi sun tashi a tutar babu. Rassan Habitat a wasu ƙasashen Afirka sun magance wannan ta hanyar ɗaure biyan bashin da farashin buhun siminti. Mu ma mun san irinsa, don manomi kan ranci buhun gero da bazara ya mayar da buhun gero da kaka. A ƙaddara mutum 100 sun yi adashin gini, kowa yana zuba buhu ɗaya a wata. Wanda ya kwasa an rubuta masa buhu kaza, buhu kaza zai mayar, ko farashi ya hau ko ya sauka. Malamanmu na fiƙihu su zauna da 'yan kasuwa su tace wannan, su fitar mana da tsarin da zuciya za ta natsu da shi. Bankin lamunin gidajen nan ma yana da ƙofar rance ta ƙungiyoyin gama kai masu rajista, wadda mutum ɗaya ba zai iya shiga ba.

Fili fa? A nan ina ganin attajiranmu na da abin dubawa. A 1969, a jihar Jojiya ɗin dai, wasu 'yan gwagwarmayar haƙƙin baƙar fata, cikinsu har da Charles Sherrod da matarsa Shirley, suka kafa wata amana ta fili kusa da garin Albany. Daga baya birnin Burlington, can Amurkan dai, ya ɗauki tsarin a 1984, lokacin Bernie Sanders na magajin gari. Amana ce ke riƙe ƙasa har abada, iyali su mallaki ginin da ke kai, in za su sayar akwai iyakar ribar da za su ɗora, don gidan ya ci gaba da zama mai araha ga na baya. Wannan wakafi ne in ban da suna. Muna da masu gina masallaci na uku a layi ɗaya, alhali limamin da ladanin duk a gidan haya suke. Da ɗaya daga cikinsu zai yi wakafin eka biyu a bayan gari, a yanka fuloti ƙanana, a rubuta sharuɗɗan a gaban alƙali, da ya cire wa iyalai talatin abin da ya fi ƙarfinsu.

Wani abin kuma kunya ce muka ɗora wa kanmu game da ginin ƙasa, har ta kai wanda ya yi shi ana ganin bai gina gida ba. A Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen bene a Yamai da bulon ƙasa da aka matse da inji, sun kuma gina babban masallacin Dandaji da shi. Ɗakin ya fi sanyi, simintin da ake sa wa kaɗan ne. Injin matse bulon irin abin da ƙungiya za ta saya ne ta riƙa ba 'ya'yanta aro.

Sai masu haya, waɗanda su ne mafi yawa a birane, kuma da yawansu ba za su taɓa gina nasu ba. Wannan ba aibi ba ne in doka ta tsare su. Albashi wata-wata ake biya, haya kuwa ta shekara ake nema a dunƙule, wani wurin ta shekara biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin yarjejeniya. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ana karya ta, amma akwai ta, mai ƙarfin hali zai iya tsayawa a kanta. A Legas ɗin ne kuma mazauna unguwannin bakin ruwa, ciki har da unguwar Otodo Gbame da aka rusa, suka haɗa kai suka je kotu, a 2017 babbar kotun jihar ta ce korar mutane ba tare da tuntuɓa da tanadin inda za su koma ba ya saɓa wa tsarin mulki.  Ɗan majalisar jiharku ba zai kawo ƙudirin haya ko na sauƙaƙa takardar fili don Allah-annabi ba. Zai kawo shi ne ranar da ƙungiya mai sunaye dubu a rubuce, da lambar akwatin zaɓen kowa, ta zauna a ofishinsa.

Saura abu ɗaya, wanda shi ya kashe ƙungiyoyi da yawa da muka sani: wa zai riƙe kuɗin? Kada a ba mutum don yana da gemu ko don yana da mota. A yi rajista, a buɗe asusun banki da ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum uku, a ware mai karɓa daban da mai rubutawa. Duk ƙarshen wata a karanta lissafi a bainar jama'a, abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya biya da wanda ake bi, a liƙa kwafi a ƙofar ofishin mai unguwa. Jerin masu jiran gida a fitar da shi ta ƙuri'a tun ranar farko, a gaban kowa, shugaba kuma ya yarda sunansa ya zo inda ƙuri'a ta ajiye shi. Mata su shiga kwamitin kuɗi, don su suka riƙe adashi a ƙasar nan tun kafin a kawo banki.